Amsa ga Yaya a kan Addu'ar Littafi

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, tambayarka ta iso ni, inda ka ce kana mamakin yadda muke karanta addu'a daga littafi a cocinmu na nan Manchesta, alhali Matiyu 6:7 ya hana maimaita magana barkatai. Ina roƙonka ka sauko da ido ƙasa kaɗan a wannan babin, domin nan take Yesu ya ba almajiransa kalmomin da za su riƙa faɗa, wato Addu'ar Ubangiji, wadda ni da kai muka haddace a Wusasa tun ba mu iya ɗaura zariyar wando ba. Abin da ya hana shi ne baki ya yi ta zuba zuciya tana kasuwa.

Littafin da muke bi na Angilika ne, wanda Akbishop Thomas Cranmer ya tsara a 1549, aka daidaita shi a 1662. An raba Zabura 150 a cikinsa safe da yamma, yadda mai bi zai sauke ta duk wata, ya bi ta kan zaburar kuka ko yana cikin farin ciki, ya bi ta kan ta yabo ko ransa a ɓace yake.

Sai da na zauna kusa da Yahudawan unguwar Prestwich na gane zurfin abin. Suna addu'a sau uku a rana, kuma safe da dare suna faɗin Shema, wato shaidar cewa Ubangiji ɗaya ne, wadda take a Maimaitawar Shari'a 6:4, ita ce kuma Yesu ya kawo a Markus 12:29 da aka tambaye shi doka mafi girma. Suna da kalmar kawana, wato halartar zuciya, kuma malamansu sun daɗe suna gargaɗi cewa addu'ar da ta zama aikin dole kawai ba roƙo ba ce. Ka ga damuwarka ba sabuwa ba ce a wurinsu.

Maƙwabcina, wani dattijo Bayahude, ya rasa mahaifiyarsa cikin hunturu. Wata goma sha ɗaya cur ina ganinsa ta taga da sassafe, ya ɗaga kwalar rigar sanyi, jakar mayafin addu'arsa a hammata, yana sauri zuwa majami'a don ya faɗi Kaddish, addu'ar da masu makoki ke yi. Ba a faɗinta sai maza goma sun hallara, saboda haka baƙin ciki bai samu damar kulle shi a ɗaki ba. Da ya fassara mini ita daga Aramiyanci, sai na tarar babu ambaton mutuwa a ciki ko sau ɗaya, ɗaukaka sunan Allah ce daga farko har zuwa roƙon salama a ƙarshe.

Ban san zan buƙaci wannan ba sai daren da ka bugo mini waya cewa Inna ta cika. Na durƙusa a bakin gado, ni da na saba jan addu'a a taron zumunta, amma ko kalma ɗaya tawa ba ta fito ba. Can sai na ji bakina ya kama "Ubanmu wanda ke cikin sama" da Hausa, da irin lafazin Inna, har da ɗan tsayawar da take yi kafin "a yi nufinka". A daidai wurin na tsaya, na daɗe, sannan na faɗa.