Amsa: Da gaske an samo maganin sikila?

'Yar'uwa, kin tambaya ko gaskiya ne an samo maganin da ke raba mutum da sikila. Akwai ƙamshin gaskiya, amma da sauran rina a kaba.

Sunan maganin Casgevy. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba, ga 'yan shekara 12 zuwa sama. Ba ƙwaya ba ce da za a haɗiya. Ana ɗibar ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyacin, a yi musu gyaran ƙwayar halitta da fasahar CRISPR don su koma yin irin haimoglobin (sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini) da jariri ke da shi tun yana cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayoyin jini. Kafin a mayar masa da su, sai an share ɓargonsa da magani mai ƙarfi, kuma nan ne ni nake jin tsoro, domin yana iya hana haihuwa.

A gwajin da aka yi wa maganin, majinyata 29 cikin 31 sun shekara ba tashin ciwo mai tsanani. Adadin waɗanda aka gwada ɗin kaɗan ne, a ganina. Kuɗin maganin kuwa a Amurka dala miliyan 2.2 ne.

Kada ɗanki ya bar maganinsa na sikila, hydroxyurea, sai da izinin likita. Allah ya ba shi lafiya.