Kwamfutar tace bidiyo: me zan saya da kuɗin adashena?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago a Zariya, ina ɗaukar bidiyon biki, suna, walimar saukar Alƙur'ani, wani lokacin kuma tallan shaguna. Shekara huɗu ke nan ina tace aikina a laftof mai ram (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) giga 8. Tun da na sayi kyamara mai ɗaukar 4K laftof ɗin ta kasa, hoto sai tsalle yake yi, bikin awa biyu sai in kwana ina jiran ya fita. Na kwashi adashe, na haɗa da abin da na ajiye, ya kai naira miliyan biyu da rabi. Wani abokina ya ce in ba Core i9 da RTX 4090 ba asarar kuɗi zan yi, in ciyo bashi in cika. Wani mai shago kuma ya nuna min tsohuwar kwamfuta HP Z440 ta gwanjo, ya ce da irinta ake aiki a Turai. Ina samun aiki kamar shida a wata. Wace zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa albarka a cikin sana'ar. Ka yi dabara da ka tsaya tambaya kafin kuɗin su bar hannunka, domin na ga masu irin sana'arka da yawa da suka zo neman shawara bayan sun riga sun ɗauko akwatin sun kai shago.

Kada ka bi ko ɗaya daga cikin biyun. Wannan kuɗi jari ne, kuma injin da za ka saya ma'aikaci ne da zai riƙa biyan kansa daga aikin biki shida a wata. Saboda haka tambayar farko ita ce wane aiki ne yake kawo maka kuɗi yau, sannan a nemi injin da zai yi shi ba gardama. Daidai ruwa daidai tsaki.

Mu fara da maganar abokinka. RTX 4090 katin hoto ne na gaske, wato sashen da yake sarrafa hoto a kwamfuta, ba wanda zai kushe shi. Amma da NVIDIA ta fito da shi a watan Oktoba na 2022, farashinsa dala 1,599 ne, shi kaɗai, ba furosesa (kwanyar kwamfuta, irin Core i9 ɗin) ba allo ba komai. Lissafa wannan da canjin yau, za ka ga ya kusa haɗiye duk abin da ka tara. Ga shi yana jan wuta har wat 450, wanda ke nufin sai ka sayi babban fawa fak (mai raba wuta a cikin kwamfuta), babban UPS (batirin da yake riƙe inji in an ɗauke wuta), kuma janaretarka ta ƙara shan mai. Irin wannan kati na masu zanen katun mai motsi ne da masu haɗa siddabarun fim. Uwar amarya ba za ta ƙara maka ko sisi ba don ka tace bikin 'yarta a kansa. Bashi kuma ana cinsa ne in abin da za a saya zai kawo kuɗin da zai biya bashin, wannan kuwa ba zai kawo ba.

Shi ma mai Z440 bai yi maka ƙarya gaba ɗaya ba. Injin ƙarfe ne mai juriya, an yi aiki da shi a manyan ofisoshi. Sai dai ya fito tun 2014, furosesar Xeon da ke cikinsa ba ta cikin jerin waɗanda Microsoft ta amince wa Windows 11, ga shi kuma Microsoft ɗin ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. A ɓangaren Intel sai daga ƙarni na 8 zuwa sama ake samun wannan amincewa. Babbar matsalar ma ita ce wannan Xeon ba ta da sashen da yake warware irin fayil ɗin da kyamararka take fitarwa. Araha ba ta ado, za ka biya kuɗi ka koma kusa da inda ka baro.

A nan nake so ka natsu, domin nan ne yawancin masu saye suke ɓata. Kyamarori da wayoyi suna matse bidiyo a tsarin H.264 ko H.265 don kada fayil ya yi girma. Lokacin tacewa dole kwamfuta ta riƙa kwance wannan matsi a kowane daƙiƙa, shi ne abin da yake sa hotonka tsalle. Furosesoshin Intel masu ɗauke da nasu sashen hoto a ciki suna da wani abu da ake kira Quick Sync, aikinsa ke nan, kwance matsin ba tare da ya wahalar da sauran injin ba. Waɗanda lambarsu ta ƙare da harafin F, kamar 12400F, an kashe musu wannan sashe, shi ya sa suka fi sauƙin kuɗi. Mai wasan gem ba ruwansa da wannan bambanci, amma kai da ruwanka. In mai shago ya miƙo maka mai F ya ce duk ɗaya ne, ka ce a'a. Core i5 ko i7 daga ƙarni na 12 zuwa sama, marar F, ya ishe ka. Core i7-12700 misali ne mai kyau, in kuma kuɗi sun matse, i5-12400 ko i5-13500 za su riƙe ka. Ka lura, sunan i7 kaɗai ba ya nuna komai. Lambobin farko bayan sunan su ne ƙarni, kuma i5 na ƙarni na 12 ya fi i7 na ƙarni na 4 nesa ba kusa ba. Da wannan suna ake yi wa mutane wayo a kasuwa. Furosesar Ryzen ta kamfanin AMD ma tana aiki sosai, amma ga mai fayilolin kyamara irin naka na fi karkata ga Intel.

Ram kuwa 32 za ka sa, kada ka sauka. Kamfanin Adobe da kansa yana ba da shawarar 16 ga aikin HD, 32 ko fiye ga 4K. Ka sayi guda biyu masu 16, iri ɗaya, a madabod (farantin da ake jona dukkan sassan kwamfuta a kansa) mai ramuka huɗu, domin gobe in aiki ya bunƙasa ka ƙara biyu kawai. Ƙarni na 12 zuwa na 14 suna aiki da ram nau'in DDR4 ko DDR5, ya danganta da madabod ɗin da ka zaɓa, kuma ga aikin biki DDR4 ba za ta kunyata ka ba.

Katin hoto, ka nemi na NVIDIA mai ƙwaƙwalwar ajiya giga 8 aƙalla. RTX 3060 mai giga 12, wanda ya fito a 2021, har yanzu ina ganinsa a matsayin dokin aiki ga ƙaramin situdiyo. RTX 4060 ya fi shi sabunta kuma ya fi shi ƙarancin shan wuta, amma giga 8 ne. In za ka riƙa gyaran launi sosai a manhajar tacewa ta DaVinci Resolve, wadda ta fi jingina a kan kati, giga 12 ɗin za ta yi maka rana. In na hannu za ka saya, ka yi hattara. Bayan Ethereum, wani kuɗin intanet, ta daina tsarin haƙowa da kati a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin gwanjo. Ba duka ne suka lalace ba, amma ba a saye sai an gwada. A sa katin a inji a gabanka, a buɗe manhajar GPU-Z a tabbatar da sunansa na ainihi, a kunna manhajar FurMark mai matsa wa kati aiki na minti ashirin ana kallon zafinsa da fankokinsa. Wanda ya ƙi a gwada, ka yi masa sallama.

Yanzu ma'ajiya, wadda ni a wurina ta fi katin muhimmanci ga mutuncin shagonka. Kyamarar da take ɗauka a megabit 100 cikin daƙiƙa tana cinye giga 45 a awa ɗaya. Ka haɗa kamu, ɗaurin aure, yinin biki da dina, da kyamara biyu, za ka ga biki guda ya wuce giga 300. Kana buƙatar wuri uku. SSD, wato ma'ajiya mai sauri marar faifai, nau'in NVMe mai giga 500 don Windows da manhajoji. Wani NVMe mai tera 1 ko 2 (tera ɗaya giga dubu ne) don aikin da kake kai yanzu. Sai faifan HDD mai tera 4 zuwa sama don ajiyar abin da aka gama. Dalilin rabon shi ne gudu. HDD yana karanta kimanin megabait 150 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD na tsohon nau'in SATA kusan 550, NVMe kuwa ya haura 3,000. Ana tacewa a kan mai gudu, ana ajiyewa a kan mai araha.

Bayan waɗannan ka ƙara HDD ɗaya na waje, wanda duk ranar da ka dawo daga ɗauka za ka kwafe komai a kansa kafin ka goge memorin kyamara, kuma ka riƙa tafiya da shi gida, kada ya kwana a shago. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Na taɓa zama da wani matashi da faifansa ya mutu da bikin mutane uku a ciki. Ya mayar da kuɗin aiki, amma ba a maimaita ɗaurin aure, kuma a unguwarsu labarin ya riga shi isa ko'ina. Kuɗin faifan da zai cece shi bai kai ladan biki ɗaya ba.

Sai wuta. Daga cikin kuɗinka ka ware kashi ɗaya cikin biyar ko kusa da haka, ka ce wannan ba na kwamfuta ba ne, na kare ta ne. Fawa fak ya zama na sanannen kamfani, wat 650, mai shaidar 80 Plus Bronze ko sama. Masu haɗa inji sukan rage farashi ne a nan, su sa maka marar suna, in ya ƙone kuma yakan tafi da madabod da kati. Ka sayi UPS da zai ba ka ko da minti goma ka adana aiki ka kashe inji in an ɗauke wuta, da sitabilaiza in wutar layinku tana hawa da sauka. Injin da na zayyana maka, in yana tsakiyar aiki mai nauyi, zai iya jan wat 300 zuwa 400 tare da allo, da wannan za ka auna inbata ko janareta. Ƙurar hunturu da zafin bazara ma abokan gaba ne. Ka sayi akwati mai raga a gaba da fankoki masu kyau, ka ɗora shi a kan tebur ba a ƙasa ba, ka riƙa hure shi duk wata.

In shagonka a kan sola yake, akwai wata hanya da ya kamata ka auna, wato kwamfutar Mac mini mai furosesar M4 da Apple ta fitar a ƙarshen 2024 a kan dala 599, da ram 16. Ƙarama ce, wutar da take sha ba ta kai wat 100 ba ko tana aiki mai nauyi, kuma tana tafiyar da 4K lafiya. Illarta ita ce ba a ƙara mata ram bayan saye, ma'ajiyar ta dala 599 ɗin giga 256 ce kawai, sai ka haɗa da SSD na waje, kuma in ta samu matsala ba kowane mai gyara ne zai iya taɓa ta ba. Kwamfutar girke da aka haɗa gunduwa-gunduwa kuwa, in abu ɗaya ya mutu, shi kaɗai za ka cire ka musanya. Ga wanda yake da adashe ɗaya kuma yake so ya girma a hankali, na fi son wannan.

Allo ya zama nau'in IPS, inci 27, mai nuna launin sRGB, ma'aunin launin da yawancin wayoyi da kwamfutoci suke bi, kusan cikakke. Ba sai mai 4K ba. Talabijin ba ta dace da gyaran launi ba, tana ƙara wa hoto armashin da babu shi a fayil, sai ka ga fuskar amarya ta fito daban a wayar mutane.

Game da manhaja, Premiere Pro haya ce da ake biya da dala duk wata, ka sa ta cikin kuɗin gudanar da shago kamar haya da mai. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic yana da na kyauta wanda yake fitar da aiki har 4K, sai Studio da ake saye sau ɗaya a kan dala 295, wanda wasu fayilolin manyan kyamarori suke buƙata. Ka guji manhajar da aka fasa. Ban da haƙƙi da ke ciki, ta nan ƙwayoyin cutar da suke kulle fayil suke shiga, a injin da yake ɗauke da amanar mutane. Sannan ka koyi aiki da furoksi, wato ƙananan kwafin bidiyo da ake tacewa a kansu, in an zo fitarwa manhajar ta koma kan na asali. Duka manhajojin biyu suna da shi, kuma ko laftof ɗinka ta yanzu za ta numfasa da shi. Kada ka sayar da ita, za ta yi maka amfani a wurin biki da kuma ranar da babban injin yake wurin gyara.

Farashin kayan nan yana bin dala, shi ya sa ban ba ka lamba a naira ba. Rubuta jerin a takarda, ka karɓi farashi daga shaguna uku, a Kano ko Kaduna, ka kwatanta da na Computer Village da ke Ikeja a Legas tare da kuɗin aikowa. A rubuta maka cikakkiyar lambar kowane kaya da lambar siriyal a rasit, da tsawon garanti. Madabod, fawa fak da SSD su zama sababbi. Furosesa, ram da allo kuwa ana iya sayen na hannu in an gwada. Faifan da aka ce sabo ne, manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka awa nawa ya yi yana aiki.

Kada ka kashe kuɗin duka. Ka bar abin da zai riƙe shagon na wata biyu, musamman da yake aikin biki yana ja baya a watan azumi. Daga ranar da injin ya fara aiki, ka riƙa cire wani ƙayyadadden kaso daga kowane aiki kana ajiyewa da sunansa. Ka raba kuɗin da ka kashe gida 144, wato aiki shida a wata har shekara biyu, abin da ya fito shi ne kason. Ranar da za ka je saye ka tafi da filash mai ɗauke da bidiyon kyamararka na minti goma, a ɗora shi a injin da aka haɗa maka, ka ja shi gaba da baya, ka sa masa launi, ka fitar da shi kana duba agogo, sannan ka biya.