Kafin ka tafi damina, ka zaga da ƙafarka ka yi sallama

Wa'alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun da hantsi, sai yanzu bayan isha'i na samu zama. Ka ce Baffanka na Kazaure ya kira ka ka je ka kama masa noman bana, sai bayan kaka za ka dawo, kuma kana tambaya wai dole ne sai ka bi mutane ɗaya bayan ɗaya kana sallama tunda ba ƙaura za ka yi ba, ko kawai ka ɗora a WhatsApp kowa ya gani a wuce wajen. Toh ni dai Kawunka abin da zan ce maka shi ne ka je da ƙafarka, zumunci a ƙafa yake.

Kai a nan Agege aka haife ka, Legas ce gidanka, don haka kai juyin abin da 'yan cin rani suke yi za ka yi. Su in an gama kaka wajen Nuwamba suke gangarowa, ruwa na sauka a arewa wajen Mayu ko Yuni su tattara su koma gona. Ka taɓa lura da yadda masu hankalin cikinsu suke yi in tafiya ta matso? Za ka ga mutum ya je wajen mai shayi ya ce a buɗo masa littafi, a lissafa burodi da ƙwai na watanni, ya biya a soke sunansa a gabansa, ya wuce wajen mai abinci, ya mayar da baron da ya aro, sannan ya zo majalisa ya zauna. Wannan ita ce sallamar ai, sauke haƙƙin mutane daga wuyanka kafin ka hau mota.

Kuma kai da kake Mile 12 ka fi kowa sanin yadda kasuwar nan take, buhun albasa da kwandon tumatir na dubban nairori suna wucewa tsakanin mai kaya da dillali da mai saye ba takarda ba sa hannu, baki ne kawai da yarda. A irin wannan wuri in aka wayi gari ba a gan ka ba, ba wanda zai ce ya tafi noma, abin da za a fara cewa shi ne ya gudu, sai kowa ya hau tunanin ko yana bin ka wani abu. Ko ba a bin ka ko sisi wallahi maganar ta riga ta fita, kuma in ka dawo sai ka ga an ɗan ja baya da kai ba ka san dalili ba. Na ga yaron da hakan ta faru da shi, mutumin kirki, ya dawo ya tarar an sa wani a gurbinsa a rumfa, ba don komai ba sai don bai buɗe baki ya ce zan tafi ba.

Shi ya sa ubangidanka shi ne na farko bayan Hajiyarku, kuma shi ba ranar jajibirin tafiya ake gaya masa ba, tun da sauran makonni za ka same shi shi kaɗai ka durƙusa ka ce Alhaji ina neman izini, Baffa ya kira ni noma. Ka ba shi lokaci ya nemi wanda zai riƙe masa wajen, ku yi lissafi tsaf. In kana cikin adashi ka faɗa wa uwar adashi wa zai riƙa zuba maka ko ta waya za ka riƙa turowa. Mai gidan da kake haya, duk da Bayarabe ne kar ka ce ba ruwansa da al'adarmu, su ma suna da tasu kuma suna jin daɗin a girmama su, ka je ka gaishe shi ka daidaita kuɗin haya da na wuta. Sai malaminka na makarantar dare da liman, sai maƙwabta. Abokai su ne na ƙarshe, su daren tafiya ma ya isa.

Amma wanda na fi so ka riƙe, duk wanda ka san akwai 'yar tsama tsakaninku shi za ka fi nema. Hanyar nan ta wuce kilomita 1,000, ka bi Ibadan, Ogbomosho, Ilori, ka haye gadar Jebba, ka shiga Mokwa tsakanin tireloli da tankoki cikin dare, ba wanda yake da tabbacin zai ga ƙarshenta, mu ma da muke zaune ba mu da tabbacin za ka dawo ka same mu. Ka je ka ce masa wane zan yi tafiya, don Allah duk abin da na yi maka ka yafe min. Da wuya ka ji bai ce ba ka yi min komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Wannan magana ba ta yiwuwa a rubuce ga mutum ɗari lokaci guda, sai ido da ido.

Iyayenmu da suka zo fataucin goro da shanu ba su wasa da wannan. Layin dogo ya isa Kano tun 1911, ana hawa jirgi a tashar Iddo a nan Legas a kwana a hanya, kuma har zuwa 2001 da wayar hannu ta shigo in mutum ya tafi ya tafi kenan sai dai wasiƙa, ko a ɗauki murya a kaset a ba mai tafiya. Shi ya sa mai tafiya yake da daraja, shi ne gidan waya shi ne banki. Yanzu kuɗi ta waya ake turawa, amma sautu bai mutu ba, kana fara zagayen nan za ka ji ana cewa ga atamfa ka kai wa Inna, ga magani ka miƙa a Kano. Ka karɓi iya abin da za ka iya ɗauka, ka rubuta na wane da na wane, wanda ba za ka iya ba ka faɗa tun a nan cikin ladabi, ya fi ka karɓa ya yi wata a jakarka. Kuma ƙulli a rufe daga hannun wanda ba ka sani ba kar ka taɓa, ka san shingayen da ke hanya.

Wani abu kuma, yin sallama daban shelar tafiya daban. Manya ba sa yayata ranar tashi, ka ce cikin satin nan in sha Allahu ya wadatar, ranar da motar da tashar kuwa mu na gida kawai za mu sani, balle a ce ka ɗora hotonka da jaka a intanet a wannan zamani. In dattijo ya ɗan dunƙula maka wani abu ya ce ka sha ruwa a hanya, sa hannu biyu ka karɓa ko da naira 200 ce, kar ka ce a'a Baba bar shi, guzuri ne kuma albarkar ake nema. In an ce maka astaudi'ullaha dinaka wa amanataka wa khawatima amalika, kai kuma ka ce astaudi'ukumullahal lazi la tadi'u wada'i'uhu, sannan ka yi musu addu'a a hanya don ta matafiyi karɓaɓɓiya ce.

Kana sauka ka kira Hajiyarku da ubangidanka kafin ka kwanta. Ka biyo ta gida ranar Juma'a bayan an sauko, Gwaggonka tana da saƙon da za ka kai, kuma ta ce in gaya maka kuka da daddawarta kar ka dawo babu su. Allah ya tsare hanya, ya ba da damina mai albarka.