Kishiya, wa ya ce ki yi wa 'yar mage wanka?

Saƙonki ya iso tun jiya da la'asar. Ƙaninki ya kunna min muryarki a waya har sau uku, don na farkon dariya ba ta bar ni na ji ƙarshensa ba. Yanzu ga shi zaune a bakin tabarma, ina faɗa yana rubutawa. In kin ga wani wuri ya karkace, hannunsa ne, ba bakina ba.

Wato ke duk tambayoyin da amarya 'yar wata uku take da su a gidan miji, ba ki ga wadda za ki aiko wa kakarki ba sai ta kyanwa. Kin tsinci 'yar mage baƙa a gindin rumbu da magariba, kin kai ta ɗaki, matan gidan sun taso miki: wai amarya ba ta riƙon kyanwa don gashinta yana hana haihuwa, wai kuma baƙar da aka tsinta da almuru ba a san ko wace ce ba, ki mayar da ita inda kika ɗauko. Shi ne kike tambaya ko haka al'ada ta ce. Na yi ta dariya, har sai da na ji inda kika ce kin yi mata wanka da sabulu mai ƙamshi a cikin wannan sanyin, nan dariyar ta maƙale min a wuya. Ja'ira, wa ya aike ki? Abin da uwarsa ma da harshe take wanke shi? 'Yar mage ƙarama ba ta iya ɗumama jikinta da kanta, sanyi yana kashe ta tun yunwa ba ta kai ga kashe ta ba. In tana da sauran kwana, maza ki naɗe ta a tsumma ki sa ta a jikinki.

Ni ma na taɓa tsintar irinta, kuma ban fi ki hankali ba a lokacin.

An kai ni ɗaki shekarar da aka canza kuɗi, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, 1973 ke nan in ji masu boko. Ku kun san ta a littafi, mu a ciki muka san ta. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya a gona yana kallonmu muna kallonsa, wanda ya saba ɗaure dami ɗari ko ashirin bai haɗa ba. Shanun Fulani suna faɗuwa a hanya. Kakanki, Allah ya jiƙansa, ko wata biyu bai yi da ni ba ya ɗauki buhunsa ya bi 'yan cin rani zuwa Kano, don maza ba su jira lokacin tafiya ba a shekarar. Aka bar ni a wani ƙauye can bayan Gumel, gidan da ban san kowa ba, ga surukata wadda muke ce wa Iya, mace mai fuska kamar hadari, ga faccalolina biyu da suka girme ni nesa ba kusa ba. In na gama daka na gama wanke-wanke, sai in shiga ɗaki in zauna ina ƙirga kwanukan jerena. Har sunaye na sa musu.

Wata rana da yamma aka aike ni ɗebo kara a bayan rumbu. Kin san rumbu a kan duwatsu ake ɗora shi, akwai 'yar rata tsakaninsa da ƙasa. Sai na ji wani ɗan kuka siriri kamar na tsako. Na durƙusa na leƙa. 'Ya'yan mage uku, biyu sun riga sun sandare, ɗaya tana jan ciki tana laluben abin da babu. Idonta a rufe, kunnuwa a like da kai, duk girmanta bai cika tafin hannuna ba. Uwar an kwana biyu ba a gan ta ba, daga baya aka tsamo ta a tsohuwar rijiya. Na waiga hagu na waiga dama, na jefa ta a bakin zanena, na ɗora kara a kai na shige gida kamar ɓarauniya.

To ina zan ɓoye ta? Sai na sauko da babbar fanteka daga cikin jere, wadda gwaggona ta saya min, mai zanen fure ja. Na shimfiɗa ɗankwali a ciki, na kwantar da ita, na kifa wata a kai na bar 'yar kafa. Ni a wautata na yi dabara. Ashe kwano ƙara murya yake. Da dare ya raba, gari ya yi tsit, sai abar nan ta fara kuka, kukan yana bugun ƙarfe yana fitowa kamar na jariri sabon haihuwa. Na danna filo a kai, a banza. Na yi mata waƙa, a banza.

Babbar faccalata ce ta fara ji. Ba ta zo wurina ba, ɗakin Iya ta nufa, ta ce ana kukan jariri a ɗakin amarya. Amaryar da ba ta cika wata uku ba, miji kuma ba ya gari! Ki duba girman maganar. Ƙaramar kuwa ta ce ba jariri ba ne, mutanen ɓoye ne, ai dama ɗakin yana kallon tsamiya. Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta cika, wata ta ɗebo garwashi a kasko za a yi hayaƙi, wani yaro an tashe shi ya je ya kira malam. Ni ina ciki jikina yana rawa, ina jin duk abin da ake faɗa ta jikin asabari.

Iya ta ɗaga asabarin ta shigo ita kaɗai da 'yar fitilar aci-balbal. Ba ta ce min komai ba. Ta tsaya ta saurara, ta bi kukan har gindin jere, ta sa ƙafa ta ture murfin. Ta daɗe tana kallon abin da ke ciki. Ni na riga na gama shirya kayana a zuci, na ce gobe sai gidanmu. Sai ta juyo ta ce, "Me kika ba ta?" Na ce ruwan koko. Ta ce, "Uwarki da koko ta shayar da ke?"

Ta leƙa waje ta ce kowa ya koma ya kwanta, aljanin nata ne. A daren nan, da hunturun nan, tsohuwar nan ta fita garke ta tatso akuyarta. Akuya ɗaya ce ta rage mai nono a gidan, abin da ake samu bai wuce rabin ludayi ba, kuma shi Iya take zubawa a kokonta da safe, shi ne duk daɗin da ya rage mata a shekarar. Ta ɗan ɗumama shi a bakin garwashin da aka kawo don korar aljani. Ta ciro auduga daga kwandon kaɗinta, ta murza ta kamar lagwani, ta tsoma, ta kai bakin 'yar magen. Na kai hannu zan kwantar da ita rigingine kamar jariri, ta buge min hannu. Ta ce a kan cikinta take sha, yadda take kwanciya a jikin uwarta, in kin birkice ta nonon ya bi ta hanyar numfashi shi ke nan. Da ta ƙoshi, sai Iya ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi tana shafa mata ƙasan ciki da gindin wutsiya a hankali har ta yi fitsari. Ta ce uwar da harshe take yi musu haka, in ba a yi ba cikin ya kumbura. Ni dai ina durƙushe baki buɗe. Matar da ban taɓa ganin haƙorinta ba, ga ta tana yi wa mage magana ƙasa-ƙasa kamar jikarta.

Da za ta fita ta ce, "Bakin da ya zo ƙofarka a buɗe, da rabonsa ya zo. Ba naka yake ci ba." Haka uwarta take faɗa, in ji ta. Sannan ta ƙara da cewa gobe in zo ɗakinta in koyi kaɗi, zaman kaɗaici ba ya yi wa yarinya kyau. Ashe duk ta san ina ƙirga kwanuka.

Kwana huɗu bayan nan idon ya fara tsagewa, shuɗi-shuɗi kamar na kowace 'yar mage. Muna tashi cikin dare muna ba ta, ni da Iya, har ta yi wata guda ta fara lasa da kanta a sakaina. Daga nan sai ɗan tuwo da aka cuɗa da romo, sai kan busasshen kifi in wani ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya dawo da shi. Iya ta sa mata suna Tsintau. Ta ajiye mata kaskon yashi a lungu, sau biyu kawai aka nuna mata ta gane. Ta kuma sa na riƙa ajiye ta a tsakiyar 'yan tsaki tun tana rarrafe, kaza na hararar ta, in ta kai hannu a ɗan ɗalle mata hanci. Iya ta ce wanda kuka tashi tare ba ya zama nama. Ban ce dabarar tana ci kullum ba, don Tsintau ta taɓa cinye wa ƙaramar faccalata tsako biyu, aka yi kwana uku ba a gaisawa. Amma da aka bar daddawa da kifi a buɗe ta yi ɓarna, Iya ba ta dake ta ba, cewa ta yi in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amfaninta kuwa, sai a bazara aka gani. Ɗan irin da aka ɓoye a rumbu, wanda ko yunwa ta kai ina ba a taɓa shi, shi ɓeraye suka sa wa ido, don su ma yunwar ta same su. Tsintau tana 'yar wata shida ta fara kwana a gindin rumbun nan da aka haife ta. Ki gan ta da rana a miƙe kamar matacciya, ki ce kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi. Kwanciyar ɗaukar rai ce. Da safe sai mu tarar ta jera mana su a ƙofar Iya.

Shi ya sa nake jin haushin yadda kuka mayar da abin yanzu. A da ba a sayen kyanwa, roƙa ake. In ta wani gida ta haihu sai ki je ki kama ɗaya da baki, ki jira ta yi kamar wata biyu a jikin uwarta, sannan ki kai ɗan goro ki ɗauko. Da na shiga islamiyyar matan aure da tsufana na ji ashe akwai hadisi a Muslim da ya yi hani ga kuɗin kyanwa, ko da yake malam ya ce malamai sun yi saɓani a kan fassararsa. Yau ga 'yan birni suna sayen mai dogon gashi da kuɗin rago, tana kwana a kujera, ɓera ya wuce ta gabanta ta kau da kai. Mutanen ƙauye kuma sun koma zuba shinkafar ɓera a kowane lungu. Ita ta kashe min Tsintau, tana da shekara goma sha ɗaya, ta ci ɓeran da ya ci guba a maƙwabta. Iya ta riga ta rasu a lokacin, gara da ba ta gani ba. Ki kula da wannan, kuma ko ƙuma ta cika jikinta kada ki kuskura ki shafa mata fiya-fiya, tsefe ta za ki yi. In ta yi wata uku, angon namu ya kai ta wurin malaman dabbobi a yi mata allurar haukan kare, kyanwa ma tana ɗauka.

A islamiyyar nan ne kuma na ji labarin da ya tuna min da Iya. Sahabi Abu Ƙatada, matar ɗansa ta zuba masa ruwan alwala, kyanwa ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha. Yarinyar ta tsaya tana kallonsa da mamaki, ya ce mata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku. Yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Kin kuma san na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Amma kada ki ɗauki waɗannan ki je ki tsaya a tsakar gida kina ja wa matan gidan baƙi kamar mai wa'azi. Na san halinki, tun kina ƙarama bakinki ya fi ki girma. Wata uku ba a gyara gida. Ki ɗauki abarki a tsumma, ki je ɗakin surukarki da safe bayan kin gaishe ta, ki durƙusa ki ce, "Inna, ta ƙi sha, ban san yadda ake yi ba." Ki bar ta ta nuna miki, ko da kin iya.

Maganar haihuwa kuwa, ni dai tara na haifa, ubanki ne na uku, ranar da ya faɗo Tsintau tana kwance a bakin ƙofa ungozoma na korar ta tana dawowa. Abin da na ji daga malamar asibiti shi ne mai ciki kada ta riƙa kwashe kashin kyanwa da hannunta, akwai cutar da ke iya taɓa ɗan ciki. To in Allah ya kawo rabo, kaskon yashin ya koma hannun wani. Ko ya riga ya kawo ne kike ɓoye min, shi ya sa maganar ta tsaya miki a rai?

Na baƙar kyanwa da almuru, wannan ban sa baki ba. Tsintau ma baƙa ce wuluk, farin da ke jikinta bai wuce ɗan ɗigo a maƙogwaro ba. Shekara goma sha ɗaya muna tare ban taɓa tambayarta ko wace ce ba, ita ma ba ta faɗa min ba. Iya dai ta hana a dake ta da dare, ko ita ko wata, sai dai a ce mata "fita" sau uku. Ni ma har yau haka nake yi.

Ƙaninki ya ce yatsansa ya gaji, cajin ma ya yi ja. Ki gaishe min da angona, ki ce masa ina nan ina jiran goron da ya yi min alkawari tun ranar ɗaurin aure. In mai zuwa ya samu ki aiko min da kuka da daddawa, ta nan duk gari ce. Kuma ba ki faɗa min ba, idon nata ya buɗe ko da saura?