Idona na Hagu Yana Rawa: Camfi ne ko Ciwo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a unguwar Mabera da ke Sakkwato. Yau kwana goma ke nan fatar idona na hagu ta ƙasa take rawa, ta tsaya ta sake tashi, ba tare da zafi ba. Mahaifiyata ta ce rawar idon dama albishir ce ta baƙo ko alheri, ta hagu kuwa kuka take jawowa, har ta sa na liƙa ɗan tsinke da miyau a wurin. Aikin sallah ya sa ina kaiwa ƙarfe biyu na dare a kan keke, goro da shayi ne ke riƙe ni. Shin akwai abin tsoro?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ai ka riga ka kawo amsar a cikin tambayarka, domin rashin barci, gajiya da yawan goro da shayi su ne kan gaba wajen sa ido rawa. Akwai wata siririyar tsoka da ta kewaye ido, wadda aikinta shi ne rufe shi da ƙifta shi, kuma idan jiki ya jigata sai jijiyar da ke ba ta umarni ta riƙa aika saƙo ba bisa ƙa'ida ba, tsokar ta dinga motsi ita kaɗai. Likitoci suna kiran wannan da suna miyokimiya, kuma galibi ido ɗaya take kamawa, musamman fatar ƙasa, kamar dai yadda ka bayyana.

Mutane da yawa ba su san cewa goro yana ɗauke da sinadarin kafeyin, irin wanda ke cikin shayi da kofi ba, alhali shi ne yake kore barci ya kuma zaburar da jijiyoyi. Ka haɗa wannan da ƙura wa allura da zare ido na tsawon sa'o'i, sannan ga busasshiyar iska da ƙurar Sakkwato da ke ƙafar da ruwan ido, ka ga ba sai an nemo wani dalili daga nesa ba.

Batun camfin kuwa, ba Hausawa kaɗai ke da shi ba. A ƙasar Sin rawar idon hagu ce ake ɗauka alamar arziki, ta dama kuma alamar masifa, wato akasin abin da Hajiya ta faɗa maka. A Indiya kuma fassarar takan sauya ne gwargwadon namiji ne ko mace. Da a ce idon labarin gobe yake kawowa, da bai faɗa wa Basakkwace abu ɗaya ya faɗa wa mutumin Sin kishiyarsa ba. Hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim ma ya kore camfi da shu'umci. Sai dai ban ce ka je ka yi musu da mahaifiya ba, domin kulawa ce ta sa ta magana, tsinken kuma ba ya cutarwa matuƙar bai shiga idon ba. Abin da ke cutarwa shi ne zullumin jiran mugun labari, tunda damuwa kanta tana ƙara rawar.

Ka samu barcin aƙalla sa'o'i 7, ka rage goro da shayi musamman bayan la'asar, kuma duk bayan minti 20 na ɗinki ka ɗaga kai ka dubi abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Ɗora tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi a kan idon yana taimakawa. Yawanci rawar takan lafa da kanta cikin kwanaki ko 'yan makonni.

Amma idan ta wuce makonni uku ba sauƙi, ko idon ya fara rufewa gaba ɗaya, ko motsin ya sauka zuwa kunci da gefen baki, ko fatar idon ta zubo, ko ya yi ja yana kwantsa, to ka ga likitan ido, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Motsin da ya kama ɓarin fuska guda sau da yawa jijiyar jini ce ke danne jijiyar fuska, kuma ana magance shi da allurar Botox, mai sassauta tsoka, ko tiyata. Idan kuwa baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a tafi asibiti a wannan sa'ar, kada a jira gari ya waye.