Amsa: Jitar bes mai firet 24 ko mai 20?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko firet 24 (firet su ne ƙarafan da ke gicciye a wuyan jitar, inda ake danna tsirkiya) ya cancanci ƙarin kuɗi a jitar bes, wato mai kaurin sauti. Idan rakiyar ganga kawai kake yi, 20 irin na Fender Precision sun ishe ka. Mai solo, wato wanda ke fitowa da kiɗansa shi kaɗai, shi ne ke morar 24, domin kowace tsirkiya tana ba shi oktaf biyu cif (oktaf shi ne tazarar sauti daga 'do' zuwa 'do' na gaba). Jitocin Ibanez SR da Yamaha TRBX duk suna da firet 24.

Amma kada adadin ya ruɗe ka. Rataya jitar, kai ɗan yatsa firet na ƙarshe. In gangar jikinta ta tokare hannunka, firet huɗun nan ado ne. Danna kowanne daga na 12 zuwa sama, ka saurari zizar tsirkiya, alamar wuya ya lanƙwashe ko wani firet ya ɗago. Ka shafa gefen wuyan ma, hunturu kan busar da katako har bakin ƙarfen ya fito yana yankan hannu.