Ƙarar inji ta cika mini mota: in bari a yanke bututun?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato, kuma kwanan nan na sayi Scion FR-S ƙirar 2013, 'yar Kwatano. Motar tana tafiya lafiya, sai dai duk lokacin da na taka totur, musamman a kan hanyar Birnin Kebbi, ƙarar inji takan taso daga wajen ƙafar wanda ke zaune kusa da direba ta cika motar, har magana sai da ɗaga murya. Wani bakanike ya ce injin ne ke shirin bugawa, wani kuma ya nuna mini wani bututun roba a ƙarƙashin bonet, ya ce ba shi da amfani, in kawo ya yanke shi ya jefar. Hankalina ya tashi, domin kuɗin da na zuba ba kaɗan ba ne. Wanne zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka game da maganar bugawar inji, domin ƙarar da ke tashi idan an taka totur, ta lafa idan an ɗaga ƙafa, kuma tana fitowa daga wannan kusurwa da ka ambata, da gangan masu ƙera motar suka shigo da ita. FR-S, wadda ita ce Toyota 86 da Subaru BRZ a wasu kasuwanni, tana da inji mai lita 2.0 ƙirar Subaru, kuma an jawo bututu daga hanyar da iska ke bi zuwa inji, aka kai bakinsa ƙarƙashin kafet ɗin gaba ta ɓangaren fasinja, domin direba ya riƙa jin injin yana numfashi. Ba su kaɗai ke yin haka ba. Ford Mustang mai inji lita 5.0 tana da irin wannan bututu, Porsche 911 ma ta samu nata. Wasu Volkswagen Golf GTI suna da wata 'yar na'ura mai suna Soundaktor a ƙasan gilashin gaba, wadda ke girgiza jikin mota, BMW kuwa tun daga M5 ta 2011 ta lasifikar rediyo take fitar da ƙarar. Dalilinsu shi ne turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, da dokokin taƙaita ƙara a Turai sun sa injuna sun yi shiru, alhali mai sayen motar tsere yana son ya ji abin da ya biya.

Bakanike na biyu ya gane inda ƙarar take fitowa, amma shawararsa ce nake so ka guje wa, kuma a nan zan daɗe, domin kusan kullum sai na haɗu da wannan tunani cewa duk abin da mutum bai san aikinsa ba a cikin mota, to ado ne, a yanke a yar. Bututun nan ba a buɗe yake daga farko zuwa ƙarshe ba. A tsakiyarsa akwai wani ɗan akwati mai tantani a ciki, kamar fatar kalangu: bugun iskar da inji ke zuƙa yana kaɗa tantanin daga gefe ɗaya, sauti ya ratsa zuwa ɗaya gefen, amma iskar kanta ba ta wucewa. Wanda ya sa wuƙa ya yanke bututun ya tafi abinsa ya bar maka ramuka biyu, kuma kowanne da irin ɓarnarsa.

Ramin farko yana jikin hanyar iskar inji, kuma yana bayan filta ne, bayan kuma na'urar da ke auna yawan iskar da ke shiga. Saboda haka duk iskar da ta bi ta nan ba a tace ta ba, ba a kuma lissafa ta ba. Kwamfutar mota za ta ba da fetur daidai da iskar da aka gaya mata, alhali wadda ta shiga ta fi haka, sai cakuɗin ya yi ƙarancin mai, inji ya fara rawa idan yana tsaye, fitilar gargaɗi ta kama, na'urar gwaji kuma sau da yawa ta nuna lambar P0171, wadda ke nufin iska ta fi mai yawa. Wannan ma da sauƙi, tunda yana sanar da kansa. Abin da ba ya sanarwa shi ne ƙura. Kai da kake Sakkwato ba sai an yi maka bayanin hazon hunturu ba, ka san yadda mota ke kwana da tsabta ta wayi gari fari fat. Wannan ƙurar rairayi ce mai laushi, idan ta samu hanya ba tare da filta ba takan bi ta cinye ringin fistin da bangon silinda a hankali, ta gauraya da baƙin mai ta je ga sauran sassa. Ba a rana ɗaya ake ganin sakamakon ba. Sai bayan wani lokaci mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi, sannan bakanike na farko ya ce ai dama ya faɗa maka injin zai buga.

Na sha ganin yadda ake "toshe" wannan rami da leda da salatif, ko a cusa tsumma, ko guntun soson katifa. Zafin ɗakin inji, a garin da zafin rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu, yana narkar da gam ɗin salatif cikin ɗan lokaci, kuma wurin nan zuƙa yake yi, don haka abin da ya saki ciki zai nufa, zuwa bakin totur. Soson katifa kuma abu ne mai saurin kama wuta, ba shi da wurin zama kusa da inji ko kaɗan.

Rami na biyu shi ya fi tayar mini da hankali, domin wancan kuɗi yake ci, wannan kuwa yana iya cin rai. Bututun yana ratsa bangon ƙarfen da ya raba ɗakin inji da inda mutane ke zama, kuma aikin wannan bango shi ne hana zafi da hayaƙi da wuta isowa gare ka. Idan aka zare bututu aka bar gurbinsa a buɗe, ranar da gaskit ɗin salansa ya fara yoyo daga wajen inji, hayaƙin ya samu ƙofa. A cikinsa akwai iskar kabon monokzayid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar shaƙa sau ɗari biyu da ɗoriya. Ita ce ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a cikin gida. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da gyangyaɗi, abubuwan da direba a kan doguwar hanya zai ɗauka gajiya ce ko zafin rana, ga gilasai a rufe, ga esi a kunne. Mai yanke bututu ba ya tunanin wannan, domin shi a wurinsa aiki ya ƙare da zarar ka ce ƙara ta ragu ka miƙa kuɗi. Kuma idan wani ya ce maka a haɗa da cire abin da suke kira indomi, wato matacin gubar hayaƙi da ke cikin salansa, don mota ta "sake", kada ka yarda: cire shi ƙara ƙara yake yi, yana ƙara gubar hayaƙi, sannan akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa irin su filatinam da faladiyam, waɗanda su ne ainihin abin da ake hari.

Gyaran da ya dace ya fi duk wannan sauƙi, ba ya ma buƙatar wuƙa. Ka ɗaga kafet a wajen ƙafar fasinja ta can gaba, za ka ga bakin bututun. Ka toshe shi da marfin roba da ya cika shi daidai, ka mayar da kafet. Masu irin wannan mota da yawa suna amfani da marfin soket ɗin caji na cikin akwatin dashbod, saboda girmansu ya zo ɗaya. Hanyar iskar inji ba a taɓa ta ba, bango yana nan a rufe, kuma ranar da za ka sayar da motar sai ka zare marfin. Idan kuwa lallai kana son a fitar da bututun gaba ɗaya, to sai an samo marfin roba mai jure zafi an ɗaure shi da kilif na ƙarfe a ɓangaren inji, an kuma toshe ramin bango da roba mai kauri, sannan a tayar da inji a sa na'urar gwaji a tabbatar lissafin mai bai sauya ba. Masu BMW da Golf da ke karanta wannan, naku da kwamfuta ake rage shi ko kashe shi, kada ku bari rewaya ya bi wayoyin lasifika da almakashi yana laluben wadda ke kawo ƙara.

Kada ka sa rai motar za ta koma shiru kamar Camry. An ƙera ta ne da ƙarancin abin tare sauti don kada ta yi nauyi, saboda haka ƙarar taya da ta titi za su ci gaba da shigowa. Bayan ka toshe bututun, ka saurari abin da ya rage. Gunjin da ke bin gudun mota ko da ka ɗaga ƙafa daga totur yakan zama na taya ne ko boris ɗin ƙafa. Ƙara mai kama da tas-tas da safe, wadda ke raguwa idan inji ya yi zafi, musamman idan akwai baƙin toka a mahaɗar salansa ko warin hayaƙi a ciki, yoyon salansa ne, kuma wannan a ranar ake gyara shi, gilasai a sauke har ka isa gareji.